Neman Haya a Accra: Kamfanin Kula da Gidaje, Ejan, ko Mai Gida Kai Tsaye?

Wanda adibas ɗinsa, wato kuɗin hayar da ya biya tun gaba, ya kusa ƙarewa a Accra, da wanda aiki ya taso da shi daga Kumasi ko Tamale, da saurayin da aka sa wa rana yana neman inda zai ajiye amarya, duk hanya uku ce a gabansu. Ko mutum ya bi ta kamfanin kula da gidaje, ko ya kama ejan, wato dillalin ɗakuna, ko ya nemi mai gida da kansa ta hanyar sanayya. Kowacce tana iya kai ka ga makulli. Bambancinsu yana fitowa ne bayan an kwashe kaya an shiga, ranar da injin ɗaga ruwa ya ƙone, ko ranar da wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce shi ma magajin gidan ne.

Kafin komai sai an raba ejan da kamfanin kula da gidaje, domin da yawa suna haɗa su, kuma wasu ejan ɗin da gangan suke rubuta sunan kamfani a allon shagonsu. Ejan aikinsa ya ƙare ranar da ka biya ya karɓi la'adarsa. Kamfani kuwa ranar nan aikinsa yake farawa: mai gida ya damƙa masa gidan a rubuce, shi ke karɓar haya, shi ke ba da rasit, shi ke turo mai gyara, kuma shi zai duba gidan ranar da za ka fita. Idan wanda ke gabanka ba zai iya nuna maka takardar da mai gida ya wakilta shi da ita ba, to ejan ne, komai kyan ofishinsa.

Abin da za a auna da shi

Abu shida ne. Kuɗin da za ka fitar a ranar farko. Jimillar abin da zaman zai ci maka idan an haɗa shekara biyu. Wanda gyara ke wuyansa, da saurin zuwansa. Tsaron kuɗinka, wato wa ya karɓa kuma wace takarda ke hannunka. Sakewar zama, musamman ga irin rayuwarmu ta baƙi da suna da layya. Sai kuma yadda fita za ta kasance.

A bayan dukkansu akwai doka, kuma ya kamata a san ta ko da ba a cika bin ta ba. Dokar haya ta 1963, wadda ake kira Act 220, ta hana mai gida neman adibas da ya wuce na wata shida, idan kuma hayar wata-wata ce, na wata ɗaya. Ta hana shi fitar da ɗan haya da ƙarfin tsiya ba tare da an bi ta hukuma ba, kuma ofishin Rent Control ne ke sauraren irin wannan ƙara. Amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema a gari, domin masu nema sun fi ɗakunan yawa. Gwamnati da kanta ta sha ambaton giɓin gidaje kusan miliyan 1.8 a Ghana. A 2020 kuma aka yi dokar dillancin gidaje, Act 1047, wadda ta kafa hukumar REAC mai ba dillalai lasisi, ta kuma ce a riƙa biya ta banki ko cak ko waya, ba hannu da hannu ba.

Ta hannun kamfani

Gidajen da ke hannun kamfanoni sun fi yawa a East Legon, Cantonments, Airport Residential, Labone, Dzorwulu da hanyar Spintex, sai kuma sababbin rukunin gidaje masu get da ke bayan gari, wajen Adenta da Oyarifa da ɓangaren Tema. Da yawa daga masu su ba sa ƙasar ma. Suna Ingila ko Amurka ko Jamus, shi ya sa suka ba kamfani riƙo. A Nima ko Sabon Zango da wuya ka samu irin wannan.

Kuɗin shiga ya kan zo kashi uku: hayar kanta, kuɗin hidima, da kuɗin ajiya na ɓarna, wanda galibi hayar wata ɗaya ne ko biyu. Sauƙin da ke ciki shi ne kamfanoni da yawa suna yarda da wata shida ko shekara ɗaya, ba sa kafewa a kan biyu. Nauyin kuwa yana cikin kuɗin hidima, kuma nan ne mutane suka fi shiga ba su karanta ba. Kuɗin hidima shi ne na mai gadi, kwasar shara, fitilun harabar gida, injin ruwa, wani lokaci da janareta. Ka nemi a rubuta maka abin da ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya. Man janareta yana ciki, ko raba shi ake yi duk wata bisa awannin da aka kunna? Idan famfo bai zo ba aka kira tanka, wa ke biya? Kamfani yana da ikon ƙara kuɗin a tsakiyar shekara? Hayar da ta yi kama da mai sauƙi tana iya komawa mai tsada a waɗannan tambayoyi uku kaɗai.

Sai maganar dala. A manyan unguwanni har yanzu ana faɗin haya da dala duk da Bankin Ghana ya sha gargaɗin cewa hakan saɓa doka ne. Wanda albashinsa ko cinikinsa da sidi yake, kada ya sa hannu a irin wannan takarda sai an rubuta adadin da sidi. A 2022 dala ta tashi daga sidi 6 da 'yan kai a farkon shekara ta haura 13 a watan Nuwamba. Wanda hayarsa ke ɗaure da dala ya wayi gari ta ninka, alhali ko fenti ba a sake wa ɗakin ba.

A wajen gyara ne kamfani na gaske yake halatta kuɗinsa. Akwai lambar da za ka kira, akwai mai gyaran famfo da mai lantarki da suka san gidan. Ƙa'idar da aka saba ita ce babban gyara na mai gida ne, wato rufi, bututun cikin bango, wayarin, injin ruwa, tankin Polytank. Ƙananan abubuwa irin su ƙwan fitila da kan famfo naka ne. Amma akwai wani tsaiko da ba a faɗa wa mutum da farko: kamfani ba ya kashe babban kuɗi sai mai gida ya amince. Idan mai gidan yana Jamus bai ɗaga waya ba, rufinka zai ci gaba da yoyo cikin damina ana ta ba ka haƙuri. Saboda haka ka tambaya tun kafin ka biya: har nawa kamfanin ke iya kashewa ba tare da jiran izini ba, kuma cikin kwana nawa ake zuwa gyaran gaggawa? A sa amsar a cikin yarjejeniya. A sa kuma cewa idan wa'adin ya wuce, kana da damar gyarawa da kuɗinka a cire a haya, da rasit.

Ta fuskar tsaron kuɗi, kamfani ya fi sauran biyun, muddin ka bincika shi. Ka duba sunansa yana da rajista a ofishin rajistar kamfanoni, ka nemi lasisin REAC, ka je ofishin da ƙafarka, ka biya cikin asusun banki mai sunan kamfanin, ba lambar MoMo (asusun kuɗi na waya) ta wani ma'aikaci ba. Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne ka tsaya bakin get da yamma ka gaisa da wani ɗan haya da ya daɗe a gidan, ka tambaye shi yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe, kuma wanda ya fita kwanan nan an mayar masa da kuɗin ajiyarsa.

Inda kamfani ya fi takura mutumin zango shi ne dokokin zama. Yarjejeniyar ta kan ƙayyade yawan mutanen da za su zauna, ta hana sana'a a gida, ta hana kiwo, ta hana kafa rumfa a haraba. Ga wanda gidansa ba ya rabuwa da baƙi daga Bawku ko Yamai ko Kano, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uwargida da ke dafa wake da shinkafa ko koko na sayarwa ba za a bar ta ta girka babbar tukunya da asuba ba. Ragon layya ma sai an tambaya: ina za a ɗaure shi, ina za a yanka, ina jini zai bi? Wasu wuraren suna ware gefe idan an yi magana da wuri, wasu kuma a'a ce kai tsaye. Sai nisan masallaci, wanda mutum ba ya jin nauyinsa sai azumi ya kama. Duk waɗannan a tambaye su a fili kafin biya, ba abin kunya ba ne.

Fita daga gidan kamfani tana da tsari, amma a nan ake cinye kuɗin ajiya. Maganinsa ranar shiga ake yin sa. A zagaya da kai ɗaki-ɗaki da takardar lissafin kayan gida, a rubuta kowane tayil da ya tsage, kowace ƙofa da ba ta rufuwa daidai, a kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki da hita a gabanka, a rubuta abin da ke kan mitar wuta da ta ruwa. Ka ɗauki hotuna ka tura wa kamfanin a ranar, domin kwanan watan ya zama shaida. Tsufan da zama ke jawowa, irin dusashewar fenti, ba ɓarna ba ce, kuma bai kamata a cire maka kuɗi a kansa ba.

Ta hannun ejan

Mafi yawan ɗakunan Accra ta nan ake samun su: ɗaki ɗaya, ciki da falo, sef-konten (mai banɗaki da kicin a ciki), a Madina, Fadama, Lapaz, Ashaiman, har Kasoa. Ejan ya san inda aka fita jiya, kuma idan kana cikin gaggawa babu mai saurinsa. Kuɗinsa biyu ne. Akwai na zuwa ganin ɗaki, wanda ba a mayarwa ko ɗakin bai yi maka ba, kuma kuɗin motarsa ma a kanka yake. Sannan la'ada, wadda aka saba kashi 10 cikin 100 na dukkan adibas. Ka lura da abin da wannan ke nufi: gwargwadon yawan shekarun da ka biya, gwargwadon abin da zai samu. Ba shi da dalilin taya ka roƙon a rage zuwa shekara ɗaya.

Haɗarin ejan sananne ne. Hoton da aka sa a Jiji ko Facebook na wani gida ne daban, ana jawo ka ne ka biya kuɗin gani a zagaya da kai wuraren da ba ka nema ba. Ɗaki ɗaya a karɓi kuɗinsa a hannun mutum biyu ko uku. A kai ka gidan da ba a gama ba a ce ka biya yanzu, da kuɗinka za a sa tayil da mita cikin mako biyu, mako biyun ya koma wata huɗu kana raɓe a wurin 'yan'uwa. Ƙa'ida ɗaya ce ke toshe mafi yawan waɗannan: adibas ba ya shiga hannun ejan. La'adarsa kawai yake karɓa, ita ma bayan ka ga mai gida ido da ido, ka ga Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, sunan ya yi daidai da na cikin yarjejeniya, an sa hannu da shaidu, makulli ya zo hannunka. Wanda ya ce maka wani yana hanya da kuɗi, ka tura rabi yanzu ta MoMo kafin a ƙwace, ka bar masa ɗakin.

Gyara kuwa, daga ranar da ka shiga tsakaninka da mai gida ne. Ejan ya tafi.

Kai tsaye daga mai gida

Wannan ita ce hanyar zango tun asali. Ka faɗa wa limamin unguwa, ko abokin sana'a a kasuwa, ko wata inna da ta san kowa a layi, a ce maka gidan Alhaji wane za a fita ƙarshen wata. Babu la'ada, kuma akwai fuska: mai gida yana iya yarda da shekara ɗaya, ko ka biya rabi ka cika bayan wata biyu, saboda wanda ya kawo ka. Sakewa kuwa babu kamarta. Suna, biki, baƙi, sana'ar tsakar gida, duk sun saba.

Matsalar ita ce kunya ta kan hana rubutu. Ana cewa ai mu ɗaya ne, sai a miƙa kuɗin shekara biyu da fatar baki. Mai gidan yana iya zama mutumin kirki ƙwarai, amma rai ba a hannunsa yake ba, kuma da yawa daga tsofaffin gidajen Nima, Mamobi da Sabon Zango gidajen gado ne masu magada da yawa. Wanda ya karɓi kuɗinka yau, gobe ƙaninsa ya dawo daga tafiya ya ce ɗakin rabonsa ne. Don haka ka tambaya cikin ladabi: Baba, wa dangi suka ɗora wa karɓar haya a gidan nan? A rubuta yarjejeniya ko shafi ɗaya ne, da ranar shiga, ranar ƙarewa, adadin kuɗi, da shaidu biyu, ɗaya daga cikin 'yan gidan. Dattijon arziki ba ya jin haushin takarda, addini ma ya yi umarni da rubuta bashi.

A gidan yawa, rigimar yau da kullum ba ta haya ba ce, ta mita ce. Idan mitar wuta ta ECG ɗaya ce ga ɗakuna takwas, ana raba kuɗin ne da lissafin poyin, kowane firji da fanka da dutsen guga da nasa, kuma kullum akwai wanda ake zargi yana ɓoye hita. Ka tambayi ko za a bar ka ka nemi taka mitar. Ka leƙa banɗaki da kanka ka ƙirga mutum nawa ke amfani da shi, domin akwai gidajen da babu shi sam, sai na gwamnati a bakin titi. Ka tambayi ranakun da famfo ke zuwa. Gyara a nan sau da yawa da aljihunka za ka yi, kuma idan ba a rubuta cewa za a cire a haya ba, ka yi wa mai gida kyauta ne. Wani ma sai ya ga ɗakin ya yi kyau ya ƙara maka kuɗi.

Lissafi a gefe da gefe

Ga misali don a ga siffar abin, kowa ya sa alƙaluman unguwarsa. A ɗauka sef-konten ne na sidi 1,500 a wata a hannun mai gida, ana neman shekara biyu: sidi 36,000. Idan ta hannun ejan ne, a ƙara 3,600, ya zama 39,600. A ɗauka makamancinsa a hannun kamfani sidi 2,000 ne, da kuɗin hidima 300, da ajiyar wata ɗaya, ana karɓar wata shida: ranar farko 15,800 kawai za ka fitar. Amma cikin shekara biyu ka biya 55,200. Wato kamfani ya fi sauƙin shiga, ya fi tsadar zama. Ɗan kasuwar da ke juya kuɗi yana iya ganin gara ya bar 23,800 ɗin da ke tsakanin 39,600 na ejan da 15,800 na kamfani a cikin jarinsa. Mai albashi kuma yana iya ganin 15,600 da zai ƙara a kan na ejan cikin shekara biyu ta yi masa yawa.

| Abin aunawa | Kamfani | Ejan | Mai gida kai tsaye |
|---|---|---|---|
| Adibas da aka saba | Wata 6 zuwa shekara 1 | Shekara 1 zuwa 2 | Shekara 1 zuwa 2, ana iya roƙo |
| Ƙarin kuɗi | Hidima da ajiya | Kuɗin gani da kashi 10 | Galibi babu |
| Gyara | Kamfani, da izinin mai gida | Kai da mai gida | Kai da mai gida |
| Takarda da rasit | Dole | Sai ka matsa | Sai ka nema |
| Babban haɗari | Dala, ƙarin hidima, riƙe ajiya | Damfara, ɗakin mutum biyu | Rikicin gado, mita ɗaya |
| Sakewar zama | Kaɗan | Ya danganta da gidan | Sosai |
| Saurin samu | Matsakaici | Da sauri | Sai an dace |

Akwai abu ɗaya da babu hanyar da ke kare ka daga gare shi, wato ambaliya. Accra gari ne da ruwa ke ci, kuma ba a manta 3 ga Yunin 2015 ba, daren da ruwa da gobara suka hallaka fiye da mutum 150 a shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle. Gefen kogin Odaw, Alajo, Kaneshie, Adabraka da ƙasan madatsar Weija duk an san halinsu. Gidan kamfani mai get ma yana iya zama a kwari. Ka dubi gindin katangar waje ko akwai layin laka, ka dubi ko an ɗaga bakin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, ka shinshina cikin durowar kicin. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin tambaya ne. Mai shagon da ke kusa zai gaya maka inda ruwa ya kai bara, abin da mai son ba ka haya ba zai faɗa ba.

Wa ya dace da wace

Ma'aikacin da ofis ke biya wa haya, ko wanda ke yawan tafiya yana barin iyali, ko wanda ya dawo daga waje bai san gari ba, kamfani ya fi masa, domin rasit da mai gadi da lambar gyara su ne buƙatarsa. Haka ma macen da za ta zauna ita kaɗai ko da 'ya'yanta, idan aljihu zai ɗauka. Sharaɗin dai a rubuta haya da sidi, a kuma fayyace kuɗin hidima.

Mai babban iyali, mai sana'ar gida, da wanda rayuwarsa ke ɗaure da masallacin unguwa da kasuwar Nima ko Madina, ya nemi mai gida kai tsaye, ya fara cigiya wata uku kafin wa'adinsa ya cika, ya kuma dage a kan takarda ko da wanda zai ba shi ɗakin kawunsa ne.

Wanda aka ba notis kwanaki suka ƙure masa, ko baƙon da ba shi da kowa a gari, ejan ne mafitarsa. Ya nemi wanda ke da shago tsayayye kuma wani da ya sani ya taɓa samun ɗaki ta hannunsa, ya tafi da mutum na biyu duk inda za a kai shi.

Wanda kuma yake da kuɗin shiga duk wata amma tara adibas ne ya gagare shi, ya bincika shirin tallafin haya na ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a 2023, inda ake biyan mai gida adibas kai tsaye, ɗan haya ya riƙa mayarwa wata-wata. Ana neman Ghana Card da shaidar samun kuɗi, kuma akwai ƙarin da ake ɗorawa a kan abin da aka biya maka, saboda haka wanda ke kaffa-kaffa da kuɗin ruwa ya nemi a bayyana masa ƙarin a rubuce, ya kai wa malaminsa kafin ya sa hannu.